Shekarar da Na Ƙi Shinkafar Ubanku

Baffa Dikko ya yi mini ƙarya a gaban mutane, kuma ban yafe ba tukuna. Ranar da aka buɗe sabon ofishin ubanku a Sakkwato, aka ba shi abin magana saboda shi ne ƙanen kakanku, namiji babba da ya rage a gidan. Ya miƙe da babbar rigarsa ya ce tun farko shi ya hango haske a goshin yaron, amma uwarsa, da yake ba ta yi karatu ba, jahilci ya sa ta yaƙe shi shekara guda. Aka yi dariya, wasu suka waiwayo suna kallona kamar tsohuwar da aka ɗauko daga ƙauye don a cika kujera. Ni kuwa da idona na karanta allon da ke bakin ƙofar kafin in shiga, har na ga inda mai fenti ya manta lanƙwasar wani harafi. Ban tanka ba, don taron ɗana ne. Amma ku jikokina kuna wurin, kun ji da kunnenku, shi ya sa zan rubuta muku yadda aka yi. Ba zan kira sunan ubanku ba, ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiransa ba, birona ma ba zai fara ba.

Gaskiya ne na ƙi cin abincinsa shekara guda cur. Ban ɓoye wannan ba. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne dalili, da kuma wanda ya kawo mini maganar.

A Dandin Mahe muke a lokacin. Kakanku fataucin albasa ya yi har Allah ya karɓi abinsa, ni kuma sana'ata kiwon turke. Bayan Sallah, idan dabbobi sun yi araha, sai a kawo mini raguna ramammu bakin zaure, waɗanda kowa ya raina a kasuwar Shagari ko a Kajiji. In buɗe bakin rago in ga haƙori, in bi ƙashin bayansa da yatsa, in ɗaga fatar ido in ga jini. Abin da nake nema guda ne: ramar nan ta yunwa ce ko ta ciwo? In ta yunwa ce, na saya, wata biyar a turkena da dusa da harawa sai mai shi ya wuce bai gane shi ba. In ta ciwo ce, ko kyauta ba na karɓa. Ubanku a gefena ya tashi, shi ke riƙe mini kan ragon ina duba baki. Kuma a sana'armu akwai abin da ba a wasa da shi. In ciniki ya faɗa, mai sayarwa yakan kwance igiyarsa daga wuyan dabba ya naɗe abarsa, mai saye ya ɗaura tasa da ya zo da ita. Kafin a sauya igiya, dabba ba ta zama taka ba, ko da an yi sallama a gaban shaidu goma.

Da ya gama karatunsa a Sakkwato ya dawo, sai ya kama wani ɗan shago kusa da tashar Shagari yana cajin waya da gyaranta. Na yi murna, don ina ganin abin da yake yi: a kawo waya a mace, ta tashi, a biya shi. A kusurwar shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta mai kuka kamar injin niƙa, kullum ka leƙa yana duƙe a kanta. Ana nan sai na ji ya rufe shagon. Ban gama jin haushin wannan ba sai ga buhun shinkafa an sauke mini a tsakar gida, wata na zagayowa ga wani, sannan ga masu kwano sun zo za su sauya mini rufin ɗaki. A makon ne Baffa Dikko ya zo, ya zauna a kan turmina, ya rage murya kamar mai kawo ta'aziyya.

"Kulu, ki buɗe idonki. Yaron ga ba shi noma, ba shi kiwo, shagon ma ya ruhe shi. To shinkahwa daga ina? Irinsu na ka zama gaban na'ura suna kwashe dukiyar bayin Allah. Ni dai na hwaɗa miki, don gobe kiyama kar ki ce ba a hwaɗi ba."

Ranar Juma'a da ubanku ya zo gaisuwa, ban bari ya gama durƙusawa ba.

"Kai, mi kaka saidawa?"

"Inna, ba saidawa nika yi ba. Shafi nika ginawa a intanet."

"Da mi? Da laka ko da bulo?"

"Da rubutu, Inna. Ina da guda biyu yanzu, ɗaya na labarin ƙwallo da Hausa, ɗaya na noma. Mutane su shigo su karanta. In sun yi yawa, masu kaya su biya ni in rataya musu talla a gehe."

"Talla ba tire, ba mai ɗauka, ba mai kira? To ji nan. Gona tana da iyaka, rago yana da igiya. Nuna man igiyar abin ga naka in riƙa da hannuna."

Ya ciro waya ya miƙo mini. Na ga haske da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa sun yi jerin gwano. Yana nunawa da yatsa yana cewa ga sunansa nan, ga labarin da ya rubuta jiya. To ni me na gani? Da ya ce mini sunan Fir'auna ne a wurin, da haka zan karɓa. Ku lura da wannan, don nan ne Baffa Dikko ya murɗe zance. Ba abin da ban sani ba na ƙi. Abin da ba ni da hanyar dubawa na ƙi, kuma mace da ta yi rayuwarta tana buɗe bakin rago ba ta haɗiye abin da ba ta duba ba. Na ce a kwashe shinkafar, masu kwano su koma da kwanonsu.

Haka muka yi shekarar nan. Gerona nake ci, da abin da turke ya ba ni. Damina ta zo ɗakina yana yoyo, na kafa kwarya a ƙarƙashi ina kallon ruwa yana ɗiga, ban aika masa ba. Uwarku Asma'u, Allah ya yi mata albarka, ta sha dafa abinci ta kawo da kanta tun daga Shagari a bayan kabu-kabu, in karɓa in yi godiya, in mayar mata da kwanonta a rufe yadda ya zo. Ba ta taɓa ɓata fuska a gabana ba, amma na san tana kuka a hanya. Mafi nauyi shi ne sunan Hauwa'u. Ke Hauwa'u, ke aka haifa a shekarar, jikata ta fari. Na yi miki wanka, na goye ki, amma ragon sunanki ban ɗanɗana ko tsoka ɗaya ba. Mata suna ta ci suna satar kallona, ni ina zaune da furata. Ubanki ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni, na kawar da kai. Shi kuwa bai fasa zuwa Juma'a ba. Ya durƙusa, ya gaishe ni, in amsa a taƙaice, ya ɗan zauna ya tashi.

Wata Juma'a bayan an cire albasa, ya gama gaisuwa bai tashi ba.

"Inna, gobe za ni Bodinga sayen shafi. Na wani dattijo na, ya rame, yana son mutuwa. Ke kinka koya man duba dabba. Ki zo ki duba man wanga. In kin ga haram cikinai, na bar sana'ar, in koma cajin waya."

"Ka san mi kac ce?"

"Na sani, Inna."

"In nic ce a bari, an bari?"

"An bari."

Na dubi yaron nan. Ya ɗora duk abin da ya gina a tafin hannun matar da ba ta san alif na boko ba. Da safe na yafa mayafina, kuma don al'ada ta bi jikina, sai da muka shiga mota na lura na ɗauko sabuwar igiya na cusa a jaka, kamar kullum in za ni ciniki.

Dattijon sunansa Malam Isa, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Ya karɓe mu a zaurensa, aka shimfiɗa mini tabarma. Dogo ne siriri, idanunsa sun yi fari fat, sai ya karkata kai yake gane inda mutum yake.

"Hajiya, sannu da hanya. Kin ga ikon Allah? Shekaru ina aiki cikin yanar gizo, ƙarshe yana ta biyo ni har ido. Yanzu ko sunana ba ni gani."

"Malam, ni ban yi Hajji ba, Kulu nike. Kuma ba gaisuwa ta kawo ni ba, duba kaya niz zo."

"Madalla. Dillalin da ba shi dariya shi na na ƙwarai. Duba abinki."

Ya ba ni labarin shafin da bakinsa. Tun yana koyarwa ya buɗe shi, yana rubuta abin da manyan jaridu ba su kula da shi: yadda albasa ta kwana a kasuwa, garin da aka yi ruwa da wanda aka yi fari, wanda aka haifa, wanda ya rasu, saniyar da ta ɓata da alamar da ke kunnenta. 'Yan ƙasarmu da suka tafi neman abinci Kudu da ƙasashen waje, nan suke leƙowa su ji gida. Da idonsa ya tafi, rubutu ya tsaya. Kuma ashe shafi kamar rumfar kasuwa yake, in ba a sabunta hayarsa ba sai a rushe, duk abin da ke ciki ya tafi. Saura kwanaki kaɗan.

Ubanku ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma ya fara tambaya, ni ina saurare. Shekarar shafin nawa? An taɓa sa ƙarya a ciki, ko abin kunya? An taɓa kai ƙararsa? Rubutun na Malam ne ko na wasu aka kwaso? Sannan ya duba wani wuri ya ce, wata da watanni ba a sa sabon abu ba, amma har safiyar nan mutane suna shigowa, su ga ba komai, gobe su sake dawowa. Sai na gane abin da yake yi. Haƙori yake dubawa. Ƙashin baya yake bi da yatsa. Ɗaga fatar ido yake yi ya ga jini. Duk abin da na yi a bakin zaure yana riƙe da kan rago, ga shi yana yi a kan abin da ba shi da ƙafa ba shi da wutsiya. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Ramar yunwa ta. Ba ciwo."

Malam Isa ya yi dariya har da buga cinya. Ubanku bai yi dariya ba. Ya ce akwai abu guda da yake so in ji kafin in yanke hukunci, shi ne ma ya sa yake son shafin nan fiye da kowane. Ya yi ta komawa baya, baya, har ya tsaya. Ya juyo da kwamfutar wajena. Sai ga fuskar kakanku, da hularsa mai lanƙwasa ta hagu, a tsaye kusa da buhunan albasa. Sanarwar rasuwarsa ce, Malam Isa ya rubuta ta tun a makon da aka yi. A ƙarƙashinta kuma tururuwar nan ce ta baƙaƙe, jeri bayan jeri, ubanku yana ja tana ƙara fitowa.

"Mi an nan?"

"Ta'aziyya ta, Inna. Taki ta. Mutane sunka rubuto."

Ya fara karantawa. Wani daga Legas, wani daga Fatakwal, wani daga Kamaru, wani yana aiki a Makka ya ce ya yi masa ɗawafi. Mutanen da ban taɓa jin sunansu ba suna cewa Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Sannan ya zo kan wani direba. Ya rubuta cewa wata shekara motarsa ta lalace kusa da Dandin Mahe da kaya a kai, ba shi da kowa, mamacin ya ɗauke shi ya kai shi zaurensa kwana uku. Ya ce tuwon dawa da miyar kuka da aka riƙa fito masa da shi daga cikin gida, bai sake cin irinsa ba, kuma bai taɓa ganin matar da ta dafa ba, in tana raye a gaya mata ya gode.

Na tuna kwana ukun nan. Na tuna har na yi mita a madafa, ina cewa wane irin baƙo ne wannan da ba ya tafiya. Shekara shida godiyar mutumin nan tana zaune a wani wuri da ba sama ba ƙasa ba, ruwa bai jiƙa ta ba, gara ba ta ci ta ba, tana jirana. Na yi zaman makoki na kwana arba'in na ɗauka na karɓi gaisuwar kowa, ashe ga wani zaure cike da mutane ban taɓa leƙawa ba. Na ja mayafi na rufe fuskata. Ni dai Allah nake ta ambata, don na rasa abin da zan kwatanta abin da shi. Da ban zo ba, da kwanakin nan sun cika an rushe, da na mutu ban ji ba.

Da na share fuska na ce a yi ciniki. Suka yi, aka kira maƙwabta biyu suka shaida, aka yi sallama. Malam Isa ya matso kusa da ubanku ya raɗa masa wata kalma a kunne, ya buga ta a kwamfuta, shafin ya buɗe masa har ciki inda mai shi kaɗai ke shiga. Na tambaya, aka ce ita ce kalmar sirri, duk wanda ya riƙe ta shi ke juya shafin. Ubanku ya fara naɗe wayoyinsa zai tashi.

"Tsaya. Kalmag ga, Malam ya san ta?"

"Shi yas sa ta, Inna."

"Kai kuma za ka tahi da ita hakanan?"

"Sai mun koma gida in sauya. Ba daɗi a gabanai, awa ban yarda da shi ba."

"Zamna. A gidan wa kag ga an ja dabba da igiyar mai ita? A gabanai aka sauyawa, shi naɗe tashi, kai ka ɗaura taka. Ba rashin yarda ba na, haka aka ciniki."

Malam Isa ya ɗaga hannu sama.

"Wallahi gaskiya ta! Yaro, ba ni igiyata in naɗe. Ashe kai ɗalibi na, ga mai sana'ar nan zaune."

A lokacin ne na gane abin da na faɗa. Igiyar da na yi shekara ina cewa a nuna mini, ga ta, da bakina na kira ta. Tana nan tun farko, kalma ce. Ubanku ya dube ni, ya ga na gane, ya sunkuyar da kai don kada in ji kunya. Sannan ya ce in ba shi sabuwar kalma, wadda ba mai iya cinkarta. Akwai wani suna da nake kiransa da shi a zuciyata tun yana goye, ko kakanku bai taɓa ji ba. Na sa ya matso, na raɗa masa. Ya haɗa da wasu lambobi ya buga, ya rubuta a 'yar takarda ya ninke ya sa mini a tafin hannu, ya ce in ajiye, ko da shi ya manta. Ba zan rubuta muku kalmar nan ba, kada ma ku tambaya.

Shafin Malam Isa ya tashi. Ubanku ya nemi masu aiko da labari daga kasuwanni, ya bar sunan dattijon a sama yadda yake. Daga baya ya sayi wasu ramammun, na girki, na kiwon lafiya, na labarin ƙasa, har da na wasu da ba Hausa suke yi ba. Wasu ya yi musu kiwo ya sayar, wasu ya riƙe, har abin ya kai ga ofishin nan da kuka gani da ma'aikata a jere. Wancan na Bodinga dai an taya ya fi a ƙirga, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Amma a ranar, da muka dawo da la'asar, abin da na fara yi shi ne na aika Shagari a kira Asma'u ta zo da shinkafa ta dafa. Na ci a gabansu, na ƙara, ina ci hawaye yana sauka a kwano, Hauwa'u tana cinyata tana kama cokali. Na ce a dawo mini da buhunan da na mayar. Suka dubi juna. Ashe duk wanda na kora, Baffa Dikko yake cewa a sauke a gidansa ya ajiye kafin in huce. Shekara guda ina shan fura, shi yana cin dukiyar bayin Allah da mai da yaji. Wannan ne mutumin da ya hango haske a goshi.

Da suka tafi na buɗe takardar. Kalmata ce, daga cikina ta fito, shekara talatin da wani abu ina ɗauke da ita, ga ta a hannuna ban san inda kanta yake ba balle wutsiyarta. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, duk ɗaya. Na tuna direban nan, na ce yanzu in ina son in sake jin godiyarsa sai na jira wani ya sami sarari ya karanta mini, in kuma ina son in amsa masa sai na ari hannun wani.

Da gari ya waye na ba raguna dusa, na ɗaure takardar a bakin zanena. A bayan masallacin unguwarmu akwai ajin da wata malama ke koya wa matan aure karatu da hantsi, wanda na sha wucewa ina cewa zaman banza ne. Na cire takalmina a bakin ƙofa na yi sallama. Matan duk sa'o'in 'ya'yana ne, suka juyo suna kallona. Malamar ta taso da sauri.

"Inna Kulu, lahiya? Wa kika nema?"

"Ba ni neman kowa. Matsa man in zamna gaba, idona ba shi kai nesa."